Ba A Taru An Zama Ɗaya Ba

Mun san kowa ya baro aikinsa ya zo. Waɗansu daga gona su ke, waɗansu daga kasuwa, waɗansu kuwa sauke tukunyarsu ke nan. Saboda haka ba za mu cika ku da surutu ba. Magana ɗaya ce ta kawo mu.

Akwai wata magana da mu ke ji duk inda muka je. Mun ji ta a gindin bishiya, mun ji ta a tashar mota, mun ji ta a teburin mai shayi, mun ji ta a bakin rijiya. Da an ambaci siyasa, sai wani ya taɓe baki ya ce, "Ku rabu da su. 'Yan siyasa duk ɗaya ne, kowa cikinsa ya ke yi wa aiki." Sauran jama'a su ce, "Haka ne kuwa." Shi ke nan, an rufe zance.

Mu ma mun sha faɗin haka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. To, yau muna so mu ɗauki maganar nan mu jujjuya ta, kamar yadda mai sayen ƙwarya ya kan ƙwanƙwasa ta ya ji ko tana da tsaga.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Da fari sai mu faɗi gaskiya. Mai faɗin maganar nan yana da dalili. Ya ga an zo garinsu da motoci da kiɗa, an yi alkawarin rijiya da hanya da ɗakin shan magani. Ya jefa ƙuri'a. Shekara huɗu ta wuce bai ga rijiya ba, bai kuma ƙara ganin mai alkawarin ba. Abin da ya gani shi ne, mutumin da jiya ba shi da ko keke, yau ya gina bene a birni.

Cin dukiyar jama'a kuwa ba ƙage ba ne. A 2018 wata babbar kotu a Abuja ta ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu, na Taraba da na Filato, saboda cin kuɗin jihohinsu. A 2022 kuma aka yi musu afuwa. Talaka ya ji wannan duka a rediyo. Yaya ba zai yi fushi ba?

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba mu ga laifinsa ba. Amma fa in ya ci gaba da gudun kowane tsumma, wata rana ko gonarsa ba zai iya shiga ba, ciyawa kuwa ta cinye masa gero. Dole ne ya koyi rarrabe maciji da tsumma.

MALAMAI BIYU A BAUCI

Bari mu ba ku labarin mutum biyu. Ba tatsuniya ba ce. Kun san sunansu, waɗansu dattawanmu ma sun gan su da ido.

Na farko shi ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912 a ƙasar Bauci. Ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa aiki ya ke yi a gidan hakimi. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya fito a 1933, ya zama malami a Makarantar Midil ta Bauci. Mutum ne mai natsuwa, ba ya gaggawar magana.

Na biyu shi ne Malam Aminu Kano. An haife shi a 1920 a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, a 1942 aka kai shi koyarwa a wannan Midil ɗin ta Bauci. Shi kuwa mutum ne mai zafi, in ya ga ba daidai ba, ba ya iya yin shiru.

Kun ga makaranta ɗaya ta haɗa su, alli ɗaya, allo ɗaya. Da yamma su kan taru, su da Malam Sa'adu Zungur da waɗansu ma'aikata, su tattauna halin da ƙasa ke ciki. Daga baya kowannensu ya tafi Ingila ƙaro ilmi, Malam Abubakar a 1945, Malam Aminu a 1946.

To, mene ne su ke tattaunawa? A zamanin nan Turawa ke mulki, amma ta hannun En'e su ke yi. En'e ke karɓar haraji da jangali. 'Yan doka nata ne, kotun alƙali tata ce, gidan yari nata ne. Talaka ba shi da wurin kai ƙara in an cuce shi, don sau da yawa wanda ya cuce shi, shi ne mai sauraron ƙarar. Akwai aikin tilas, akwai gaisuwa da a ke tatsa daga mai ƙaramin ƙarfi. Malaman nan biyu sun ga wannan, kuma ya dame su duka biyu.

HANYA TA RABU

A cikin wata ɗaya, watau Agusta 1950, abu biyu suka faru.

A Kaduna, Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa, ya kawo shawara a binciki yadda En'e ke mulki, a gyara. Ya yi maganar cin hanci, da yadda ba a jin muryar talaka. A lokacin nan faɗin haka a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Manya da yawa ba su ji daɗi ba. Da cikinsa kaɗai ya ke tunani, da shiru ya fi masa riba.

A Kano kuwa, ran 8 ga watan, waɗansu samari suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda a ke kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu yana Maru a lokacin, cikin Lardin Sakkwato, yana shugabancin makarantar horon malamai. Aikin gwamnati ne mai albashi da daraja. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin, ya koma Kano ya shiga NEPU. A 1953 ya zama shugabanta.

Daga nan hanya ta rabu. Malam Abubakar ya tsaya a Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, tare da Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello. Ra'ayinsu shi ne a yi gyara sannu sannu, tare da sarakuna, kada a rushe gida mutane suna ciki. Malam Aminu ya ce a'a, ginin ya ruɓe tun daga tushe, talaka ya daɗe yana jira, sai an ba shi ikonsa a hannunsa.

Ku lura da wannan, jama'a. Ciwo ɗaya suka gani, a kan magani ne suka saɓa. Mutum biyu su kan saɓa a kan hanyar zuwa kasuwa, ba tare da ɗayansu ɗan fashi ne ba.

ABIN DA SUKA SAMU, DA ABIN DA SUKA BARI

Malam Abubakar ya zama Firayim Minista a 1957. Shi ya karɓi 'yancin kan Nijeriya ran 1 ga Oktoba 1960. Fiye da shekara takwas yana kan kujerar, baitulmalin ƙasa yana ƙarƙashin gwamnatinsa. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu sojoji suka yi juyin mulki, suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko, watau Legas, suka kashe shi. A daren nan kuma aka kashe Sardauna a Kaduna. Da aka duba abin da Firayim Minista ya bari, ba a sami wata dukiya ba. Ɗan gidansa ne a Bauci, da gonarsa. Ko abokan hamayyarsa ba su ce ya tara ba. Kabarinsa yana Bauci, hotonsa kuwa shi ne a jikin takardar naira 5.

Malam Aminu kuwa, yawancin rayuwarsa a hamayya ya yi ta. A zaɓen tarayya na 1959 NEPU kujera 8 kawai ta samu, cikin kujeru fiye da 300. Ya ci tasa kujerar a wannan shekara, ya rasa ta a 1964. A 1978 ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, ya zo na huɗu cikin mutum biyar. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Gidansa yana nan a Gwammaja, a Kano, ana kiransa Mambayya, Jami'ar Bayero ke kula da shi. Wanda ya je Kano ya leƙa ya ga ɗakin da ya zauna. Gani ya kori ji.

To, ku tambayi kanku. Mai neman abin ciki, zai bar albashi ya shiga jam'iyyar da ke shan kaye? Zai shekara talatin yana faɗuwa yana tashi, alhali ƙofar masu mulki a buɗe ta ke gare shi?

Kada mu manta da mabiyansa. Manoma ne, da teloli, da mahauta, da 'yan koli. An yi wa waɗansu bulala, an ɗaure waɗansu, waɗansu sun bar garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shugabanci matan NEPU, an ɗaure ta sau da yawa, har ana ƙidaya sau 16. Wane ciki ta cika a gidan yari?

Wahalar nan kuwa ba ta tafi a banza ba. NEPU ta daɗe tana cewa a ba mata ƙuri'a. A zaɓen 1959 matan Arewa ba su yi zaɓe ba. A 1976 suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, a 1979 suka zaɓi shugaban ƙasa. Iyayenmu mata da ke zaune a nan, katin zaɓen da ke ɗaure a bakin zanenku, waɗansu sun sha duka kafin ya zo hannunku. Haka kuma a 1979, gwamnonin PRP biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Wanda ya taɓa sayar da akuyarsa don ya biya haraji, ya san siyasa ta taɓa yi masa rana.

SU MA 'YAN ADAM NE

Kada wani ya ce mun zo mu mai da su waliyyai. Ba haka ba ne. Dukan da aka yi wa 'yan NEPU, a zamanin mulkin NPC aka yi shi, jam'iyyar Malam Abubakar ke nan. Zaɓen 1964 ya zo da rigima da ƙorafin maguɗi. A 1965 Jihar Yamma ta kama da wuta bayan zaɓe, mutane da yawa suna ganin gwamnatinsa ta yi sanyin jiki. Malam Aminu ma an zarge shi da ya karɓi muƙamin kwamishina a gwamnatin soja ta Janar Gowon daga 1967. PRP kuma ta dare biyu a hannunsa, aka sami 'yan Taɓo da 'yan Santsi, har abokan jiya suka zama abokan gaba.

Mun faɗi wannan ne don ku gane abu ɗaya. Mutum ya kan yi kuskure, har babban kuskure, ba tare da shi ɓarawo ne ba. Kuskure daban, sata daban. Wanda ya haɗa su a buhu ɗaya bai yi adalci ba.

ME KE KAI MUTUM SIYASA?

Mun duba, mun ga abubuwan da ke tura mutum cikin siyasa sun kai huɗu.

Na ɗaya, ciki. Akwai wanda ya ɗauki siyasa kasuwa. Ya zuba jari a zaɓe, yana jiran ya kwashi riba. Irinsu suna nan, ba kuwa kaɗan ba ne.

Na biyu, suna. Akwai wanda kuɗi bai dame shi ba kamar girma. Yana so a tashi in ya shigo, a ambace shi bayan ya mutu. Wannan ba lalle ne ya zama sharri ba. Sardauna mutum ne mai son girma, ko masoyansa ba su musu. Ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938, bai samu ba. Amma kuma yana jin zafin yadda Arewa ta ke baya a ilmin zamani. A zamaninsa aka buɗe jami'a a Zariya, a 1962, wadda ke ɗauke da sunansa. 'Ya'yan talakawa nawa suka zama likitoci da injiniyoyi a can? Mai son suna, in ya gane ba zai sami sunan ba sai ya haƙa rijiya, to zai haƙa, mu kuwa mu sha ruwa.

Na uku, zafin abin da ido ya gani. Wani ya ga an wulaƙanta mahaifinsa a gabansa. Wata ta ga 'yar'uwarta ta rasu wajen haihuwa, don babu mota, babu asibiti. Abin ya tsaya musu a rai, suka ce sai sun gyara.

Na huɗu, turin jama'a. Wani bai nema ba, mutanen garinsu ne suka ce, "Kai ne mai ilminmu, je ka tsaya mana." Kunya ta hana shi ƙi.

Amma ga inda maganar ta ke. Ba safai a kan sami ɗaya daga cikin huɗun nan shi kaɗai a zuciyar mutum ba. A gauraye su ke, kamar fura, ga gero, ga nono, ga yaji. Mu ma haka mu ke. Malamin ajinku yana karɓar ɗan abin da a ke ba shi, yana kuma jin daɗi in ɗalibinsa ya rubuta sunansa. Ungozoma tana karɓar goronta, tana kuma so jariri ya zo lafiya. Ba mu taɓa cewa ungozomomi duk ɗaya ne don suna karɓar goro ba. Abin da mu kan tambaya shi ne, wace ce mai hannu mai kyau?

Zuciyar mutum, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta. Mu aikinsa mu ke iya gani. Kuma wanne daga cikin huɗun nan zai rinjaya, sau da yawa jama'a ke sawa. In mai gaskiya da ɓarawo lada ɗaya su ke samu a wurinmu, wane ne zai wahalar da kansa?

"AI WAƊANCAN MUTANEN DA NE"

Mun san wani zai ce, "Malam, waɗancan mutanen da ne, an daina yin irinsu." To, ku sani a zamaninsu ma an zage su, an ce mayaudara ne, an ce neman mulki kawai su ke yi. Sai da suka mutu aka fara yabonsu. Haka ɗan Adam ya ke.

Kuma ko a kwanan baya an ga abin lura. A 2007 Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki. Ya fito fili ya ce zaɓen da ya kawo shi yana da aibi, ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don a nemo gyara. Ya kuma bayyana dukiyarsa kowa ya gani, alhali doka ba ta tilasta masa yin haka a bainar jama'a ba. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya faɗi zaɓe. Tun ba a gama sanar da sakamako ba, ya buga wa Janar Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna. Wannan ne karo na farko a Nijeriya da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya sauka. Mutane da yawa sun kwana da fargaba a makon nan, Allah ya sa aka wanye lafiya. Ko kana son mutanen nan ko ba ka so, ka san abin da suka yi ba kowa ke yi ba.

Ban da manya, akwai ƙanana da ba a jin labarinsu. Akwai kansilan da ya bi takardar gyaran famfo har ta fito. Rediyo ba ya faɗin sunansa, don labarin ɓarawo ya fi gudu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma wannan bai sa sauran garin ya zama wake ba.

WA KE CIN RIBAR MAGANAR?

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damunmu. In muka ce duk ɗaya ne, wa ya ci riba?

Ɓarawo ne ya fara ci. Ba abin da ɓarawo ke so kamar a ce kowa ɓarawo ne. Ya shige cikin taro ke nan, ba mai nuna shi da yatsa. In an kama shi sai ya ce, "To, wa ye ba ya yi?"

Mai gaskiya kuwa ya yi hasara. Ya hana kansa, ya hana iyalinsa, 'yan'uwansa suna yi masa gorin ya shiga ya fito hannu wofi, sa'an nan mu kuma mu haɗa shi da ɓarayi. Gobe in ɗan kirki ya ce zai tsaya takara, uwarsa za ta ce, "Kul, kada ka ɓata mana suna." Da haka sai fili ya zama na marasa kunya kaɗai.

Sa'an nan mu kanmu sai mu zauna a gida ran zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a wajen miliyan 25 ne. Watau cikin mutum huɗu, kusan uku ba su fito ba. Wanda bai fito ba, bai hukunta kowa ba. Ya sauƙaƙa wa mai sayen ƙuri'a ne, don ƙuri'un da zai saya sun ragu.

Akwai kuma wadda ta fi waɗannan muni. Sojojin da suka yi juyin mulkin 1966 cewa suka yi 'yan siyasa sun lalace da cin hanci. Cikin waɗanda suka kashe kuwa har da mutumin da bai bar kome ba sai ɗan gida da gona. Abin da ya biyo baya kun sani, kashe-kashe, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Tsakanin 1966 da 1999 soja sun yi mulki kusan shekara 29. Sata ta ƙare? Janar Sani Abacha ya rasu a 1998, amma a 2017 ƙasar Suwizalan ta dawo wa Nijeriya da fiye da dala miliyan 300 cikin kuɗin da aka kwashe a zamaninsa. Ɗan siyasa in ya ɓata, kana da ranar da za ka kore shi da ɗan yatsanka. Mai bindiga fa, da me za ka kore shi?

IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Ku yi haƙuri, dattawa, za mu taɓa namu laifin. Da gari ya waye, ƙofar gidan kansila ko ɗan majalisa cike ta ke da mu. Wannan matarsa ta haihu, wannan zai aurar da 'ya, wannan yana son kuɗin mota. In ya ba mu, mu ce mutumin kirki ne. In ya ce albashinsa ba zai kai ba, mu ce marowaci ne, ba za mu sake zaɓensa ba. To, daga ina mu ke so ya samo? Mu ne mu ke tura hannunsa cikin baitulmali, sa'an nan mu koma gindin bishiya mu ce duk ɓarayi ne.

Ga kuma sayar da ƙuri'a. Tun da kun fara koyon lissafi, bari mu yi shi tare. A ce an ba mutum naira 5,000 ran zaɓe. Shekara huɗu kwana 1,460 ne. In ka raba, bai kai naira 4 a rana ba. A kan abin da bai kai naira 4 ba ya sayar da rijiyar garinsu, da maganin asibiti, da makarantar ɗansa. Wanda ya saya kuwa ba ya jin ana binsa bashin kome, don ya riga ya biya.

YADDA ZA MU AUNA MUTUM

Ba mu zo mu ce ku zaɓi wane ko jam'iyya kaza ba. Wannan naku ne. Ba mu kuma ce ku yarda da duk mai zaƙin baki ba. Wanda ya yarda da kowa, da wanda ya ƙi kowa, duka biyu sun huta da tunani ne. Mu awo mu ke so ku yi, kamar yadda ku ke auna hatsi a kasuwa. Ga mudu huɗu.

Na ɗaya, me ya yi kafin ya nemi ƙuri'a? An taɓa ba shi amanar kuɗin ƙungiya, ko gadon marayu, ko rabon taki? Yaya ya yi da su? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Na biyu, me ya taɓa rasawa saboda abin da ya ke faɗi? Malam Aminu ya rasa albashi. Hajiya Gambo ta rasa 'yancinta. Wanda kullum ra'ayinsa yana bin inda maiƙo ya ke, ku yi hattara da shi.

Na uku, su wa ke kewaye da shi? In 'yan daba ne ke gabansa da bayansa, kun ga irin mulkin da zai yi.

Na huɗu, ku rubuta alkawari. Da, in ɗan takara ya yi magana, iska ke kwashewa. Yanzu kuna da fensir da littafi. Ran da ya zo, ku rubuta kwanan wata, da sunansa, da abin da ya ce zai yi. Ku ajiye a wurin mai unguwa ko malamin aji. Bayan shekara ku buɗe. In bai cika ba, ku rubuta masa takarda, kowa ya sa hannu da kansa, ba dangwale ba. In ya dawo neman ƙuri'a, ku karanta masa a gaban jama'a.

In kuwa ya cika, to, ku faɗa. Ku yabe shi da sunansa, a kasuwa da wurin biki, ko da ba ɗan jam'iyyarku ba ne. Wannan shi ne abin da mu ka fi mantawa. Yabon mai gaskiya taki ne, shi ke sa wani ya tsiro.

Saboda haka, jama'a, daga yau in wani ya ce muku duk ɗaya ne, kada ku yi masa faɗa. Ku tambaye shi a hankali, "Wanne daga ciki? Me ya yi? Yaushe?" In ɓarawo ne, a kira sunansa, a ƙi shi ran zaɓe. In mai gaskiya ne, a kira sunansa, a riƙe shi. Malaman nan biyu na Bauci sun saɓa, sun yi kuskure, sun tafi ba su tara ba. Ƙasar da ta haife su ba ta daina haihuwa ba. Mai yiwuwa ne wani irinsu yana cikin yaran da ke leƙe ta tagar ajin nan yanzu. Abin da zai ji muna faɗi game da shugabanci, shi zai sa ya shiga ko ya guda.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya ba mu idon gane su. Allah ya ba da damina mai albarka.